Faston da Ya Koma Gida: Rayuwa da Rubuce-rubucen Dietrich Bonhoeffer

 

Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu limamai da malamai, iyayenmu fastoci da dattawan ekklesiya, masu unguwanni, iyayenmu mata, 'yan'uwana matasan Fagge da na Sabon Gari, barkanmu da yamma. Ina godiya ga matasan da suka shirya wannan taro, da waɗanda suka rufe shagunansu a Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari tun kafin lokacin tashi don su samu zuwa. Allah ya saka da alheri.

An nemi in yi magana a kan wani fasto na ɗariƙar Lutheran, Bajamushe, mai suna Dietrich Bonhoeffer, wanda gwamnatin Hitler ta rataye a 1945. Na sani, idan aka ce Bajamushe mai wa'azi a garin nan na Kano, sunan da ke fara faɗo wa manya a rai shi ne Reinhard Bonnke, da abin da ya auku a titunan nan a watan Oktoba na 1991. Akwai waɗanda ke zaune a ɗakin nan da suka rasa 'yan'uwa ko dukiya a waccan tarzoma, ta kowane ɓangare. Don haka ina roƙo a bambanta. Wanda zan yi magana a kansa bai taɓa taka Nijeriya ba, ba kuma mai tara dubban jama'a a fili ba ne. Tambaya ɗaya ce ta sa na karɓi wannan gayyata, kuma ita zan bi har ƙarshe: me mai wa'azi yake yi a ranar da wanda ake zalunta ba ɗan addininsa ba ne?

Na farko, ɗariƙar da ya fito daga cikinta.

Sunan Lutheran ya samo asali daga Martin Luther, malamin da ya ƙalubalanci shugabannin ekklesiya a garin Wittenberg a 1517. Jigon koyarwarsa shi ne, ba a sayen gafarar Allah da kuɗi, ba a kuma cin ta da yawan aiki; alheri ne da ake karɓa ta wurin bangaskiya. Wannan ɗariƙa ba baƙuwa ba ce a Arewa. A 1913 wani likita daga Denmak, Niels Brønnum, ya sauka a Numan, a bakin Binuwai, daidai shekarun da ake yanka filayen Sabon Garin nan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga aikinsa aka sami ekklesiyar da ake kira LCCN, wadda ta naɗa bishop ɗinta na farko ɗan ƙasa, Akila Todi, a 1973. A 2017 kuma, a birnin Windhoek, aka zaɓi babban bishop ɗinta, Musa Panti Filibus, shugaban tarayyar Lutheran ta duniya baki ɗaya.

Amma Luther ya bar wa mabiyansa na Jamus gado biyu masu nauyi. Ɗaya shi ne tsananin biyayya ga hukuma, har fastoci da yawa suka ɗauka cewa abin da mai mulki yake yi ba hurumin mumbari ba ne. Ɗayan kuma mummunan littafin da ya rubuta a kan Yahudawa a 1543, wanda 'yan Nazi suka tono suka yi ta yaɗawa bayan kusan shekara ɗari huɗu. A riƙe waɗannan biyu, za mu buƙace su.

Na biyu, inda idonsa ya buɗe.

An haifi Bonhoeffer ranar 4 ga Fabrairu, 1906, a Breslau, garin da yanzu yake cikin Polan. 'Yan biyu ne shi da 'yar'uwarsa Sabine, su takwas a ɗakinsu. Mahaifinsu babban likitan ƙwaƙwalwa ne a Jami'ar Berlin. Gida ne na boko da wadata, ba masu zuwa majami'a kowace Lahadi ba, shi ya sa yayyensa suka yi mamaki da ya ce tauhidi zai karanta. Yana da shekara 21 ya kammala digirinsa na dakta.

A 1930 ya tafi ƙaro ilimi a New York. Can wani ɗalibi baƙar fata, Frank Fisher, ya ja shi zuwa majami'ar Abyssinian Baptist da ke Harlem, unguwar baƙaƙen fata. Ya yi watanni yana sujada a nan, yana koyar da yara ranar Lahadi, yana shiga gidajensu. Wata rana a wani gidan abinci aka ƙi kula abokinsa saboda launin fatarsa, sai shi ma ya tashi suka fice tare. Ya sayi faya-fayan waƙoƙinsu na ibada ya koma da su Jamus. Ku duba mini, jama'a: ɗan farfesa, mai digiri a kan digiri, wa ya koya masa jin wa'azi da kunnen wanda aka danne? Jikokin bayin da aka kwashe daga wannan nahiya tamu. Da ya dawo aka naɗa shi fasto a ƙarshen 1931, aka ba shi ajin yara kusan hamsin 'ya'yan leburori a Berlin, sai ya kama ɗakin haya a kusa da su.

Na uku, shekarar 1933. A nan zan ɗan daɗe.

Hitler ya hau mulki ranar 30 ga Janairu. Bayan kwana biyu, Bonhoeffer, yana ɗan shekara 26, ya yi jawabi a rediyo yana gargaɗi cewa shugaban da ya yarda mabiyansa su mayar da shi gunki ya zama mai ɓatar da su. An katse shirin kafin ya ƙarasa. Masana tarihi sun saɓa a kan ko da gangan aka yi ko lokaci ne ya ƙure, amma shi ya sa aka buga jawabin ya rarraba.

A watan Afrilu gwamnati ta kafa dokar korar masu jinin Yahudawa daga aikin gwamnati. Wata ƙungiya a cikin ekklesiya, masu kiran kansu Kiristocin Jamus, suka ce a kawo dokar cikin ekklesiya ma, a kori fastocin da iyayensu ko kakanninsu Yahudawa ne. Masu zafin cikinsu har cewa suka yi a jefar da Tsohon Alkawari. Kada ku zaci 'yan tsiraru ne: su suka lashe zaɓen ekklesiya na watan Yuli da gagarumin rinjaye, ɗan takararsu Ludwig Müller ya zama bishop na ƙasa.

A cikin wannan Afrilun Bonhoeffer ya rubuta maƙala a kan ekklesiya da batun Yahudawa. Ya ce idan hukuma ta kauce, abu uku ne a gaban ekklesiya. Ta tuhumi hukumar a kan halaccin abin da take yi. Ta ɗauki nauyin waɗanda aka cuta, ko da ba 'ya'yanta ba ne. Idan kuma abin ya wuce gona da iri, to kada ta tsaya ga jinyar waɗanda aka take kawai, ta tare abin da ke take su. Maƙalar tana ɗauke da ragowar tsohon ra'ayin Kiristocin Turai a kan Yahudawa, ba zan ɓoye muku wannan ba. Duk da haka, sharaɗin nan na "ko da ba 'ya'yanta ba ne" shi ne abin da akasarin abokan aikinsa suka kasa haɗiyewa.

Shi kansa ya taɓa kasawa. Sabine ta auri wani masanin shari'a mai jinin Yahudawa, Gerhard Leibholz. A wannan watan mahaifin Leibholz ya rasu, aka roƙi Bonhoeffer ya yi wa'azin jana'iza. Ya nemi shawarar shugabansa, aka ce ya ƙi, ya ƙi. Bayan wata bakwai ya rubuta wa surukin nasa yana neman gafara, yana cewa tsoro ne ya kama shi, kuma abin yana cin sa. Wa a cikinmu bai san irin wannan ba? Maƙwabci ya yi rashi, ƙafa ta yi nauyi, don kada 'yan unguwa su ce an gan ka a can.

Fastocin da suka ƙi bin Müller sun haɗu, cikinsu har da Martin Niemöller, suka fitar da sanarwar Barmen a watan Mayu na 1934, wadda ta ce Almasihu kaɗai ne shugaban ekklesiya. Jarumtaka ce, wasunsu sun sha ɗauri saboda ita. Amma ku karanta sanarwar daga farko har ƙarshe, ba za ku ga an ambaci halin da Yahudawa ke ciki ba. Ekklesiya ta tashi kare mumbarinta da 'yancinta, ta yi shiru a kan maƙwabcinta. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Sun shafa wa nasu ruwa sosai. Wa ya kai wa mai gemun ɗauki?

A daren 9 ga Nuwamba, 1938, aka ƙone wuraren ibadar Yahudawa a faɗin Jamus, aka farfasa shagunansu, aka kama maza kusan dubu talatin. Mumbarori kaɗan ne suka ce uffan. Littafi Mai Tsarki na Bonhoeffer yana nan har yau. A gefen Zabura ta 74, wajen ayar da ke kukan ƙone wuraren ibada, ya ja layi ya rubuta kwanan watan wannan dare. Wato shi a wurinsa, ɗakin ibadar wani addini da aka ƙone, gidan Allah aka ƙone.

Na huɗu, littattafansa biyu da suka fi yaɗuwa.

Bayan ya yi shekara ɗaya da rabi yana fasto a Landan, an kira shi gida a 1935 ya shugabanci makarantar horar da fastoci wadda gwamnati ba ta amince da ita ba, a Finkenwalde. Ɗalibai ashirin da 'yan kai ne a zango. Sukan fara yini da Zabura da addu'a, sannan kowa ya yi rabin awa shiru yana juya aya ɗaya a ransa. Da yamma akan sa faya-fayan nan na Harlem. Wasu suka ce ya mayar da su sufaye. Amsarsa a aikace ita ce, ba a fafe gora ranar tafiya: wanda bai saba tsayawa shi kaɗai a gaban Allah ba, ba zai iya tsayawa shi kaɗai a gaban 'yan sanda ba. 'Yan sandan ciki na Gestapo sun rufe makarantar a 1937, kafin ƙarshen shekarar an kama tsofaffin ɗalibansa 27.

Daga darussan nan littafin Nachfolge ya fito a 1937, a kan bin sawun Almasihu. Shi ne littafin da ya bambanta alheri mai arha da alheri mai tsada. Koyarwar Luther cewa gafara kyauta ce, mutane sun mayar da ita lasin: mutum ya cinye gadon marayu, ya tauye mudu, ya zo ranar Lahadi a sanar da shi an gafarta masa, ya koma ya ɗora daga inda ya tsaya. Bonhoeffer ya ce irin wannan wa'azi ne ya kashe ekklesiyar Jamus, don ta saba sanya albarka a kan kowa ba tare da ta nemi kowa ya canza hali ba. Iyayenmu malamai sun fi ni sanin cewa a Musulunci ma, mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa yana cikin sharuɗɗan tuba. Kusan rabin littafin sharhi ne a kan wa'azin Yesu a kan dutse, kuma ya nace cewa umarni ne na a aikata, har da ƙaunar maƙiyi.

Na biyun, Gemeinsames Leben, a kan zaman tare, ƙaramin littafi ne da ya rubuta cikin mako huɗu, ya fito a 1939. Abu biyu na ɗauka a ciki. Ya ce hidima ta farko da ɗan'uwanka ke bin ka ita ce saurare, kuma masu wa'azi sun fi kowa mantawa da wannan. Ya kuma ce mai ƙaunar hoton al'ummar da ya zana a kansa fiye da mutanen da ke gabansa, shi ne zai rusa al'ummar, komai kyan niyyarsa.

Na biyar, komawarsa gida da abin da ya biyo baya. Wannan ne batu mafi wuya.

A 1939 yaƙi ya ƙarato, za a kira sa'o'insa aikin soja, shi kuwa ba zai yi wa Hitler yaƙi ba, ƙin zuwa kuma yana iya kai mutum ga kisa. Abokai suka samar masa aiki a New York. Ya isa a watan Yuni. Bai cika wata guda ba ya shiga jirgin ruwa ya juyo. Ya shaida wa malaminsa Reinhold Niebuhr cewa idan bai sha wuyar wannan lokaci tare da mutanensa ba, ba shi da bakin magana a ranar sake gini. Mutum ya tsira, ya dawo da ƙafarsa.

An hana shi magana a bainar jama'a a 1940, an hana shi buga littafi a 1941. Mijin yayarsa, Hans von Dohnanyi, yana aiki a hukumar leƙen asirin soja, inda wasu manyan hafsoshi ke ƙulla kifar da Hitler. Ta hannunsa Bonhoeffer ya shiga. Aikinsa kai saƙo ne: a watan Mayu na 1942 ya sadu da abokinsa Bishop George Bell na Ingila a Sigtuna, ƙasar Siwidin, ya ba shi sunayen masu shirin don a kai wa gwamnatin Birtaniya. Ba su sami amsar da suke fata ba. Ya kuma taimaka wajen fitar da Yahudawa goma sha huɗu zuwa Suwizaland da takardun hukumar. Ya san shirin ya haɗa da kashe Hitler, kuma ya yarda.

Ina roƙon matasa su saurare ni da kyau a nan. Garin nan ya ga hare-haren 20 ga Janairu, 2012. Ya ga harin tashar motar New Road a watan Maris na 2013, ya ga na babban masallacin Juma'a na cikin gari a watan Nuwamba na 2014. Mun san abin da ke faruwa idan aka gaya wa yaro cewa kisa aikin Allah ne. Bonhoeffer bai taɓa faɗin haka ba. A littafinsa na Ethik, wanda bai ƙarasa ba, ya bayyana cewa mai ɗaukar irin wannan mataki laifi yake ɗora wa kansa, ba shi da hujjar wanke kansa, sai dai ya jira rahamar Allah. Bai hau mumbari ya tunzura kowa ba. Ya kai ga wannan ne bayan shekaru yana magana da rubutu, a ƙasar da aka rufe jam'iyyu da jaridu, kotuna suka zama na mai mulki, gwamnati kuma tana halaka miliyoyin mutane. Har yau Kiristoci masu tsoron Allah suna saɓani a kan ko ya yi daidai. Ni abin da nake girmamawa shi ne ya ƙi kiran abin da tsarki.

An kama shi ranar 5 ga Afrilu, 1943, wata uku bayan an yi masa baiko da Maria von Wedemeyer. Ya yi wata goma sha takwas a kurkukun Tegel. Iyalinsa kan kawo masa littattafai da saƙo a ɓoye: ɗan ɗigon fensir a ƙarƙashin harafi ɗaya, a tsallake shafuka a sake wani, ana farawa daga bayan littafin. Wani gandiroba kuma yakan fitar da wasiƙunsa zuwa ga amininsa Eberhard Bethge. A cikinsu yake tambayar wane ne Almasihu ga mutanen yau, yake kuma cewa ekklesiya ba ta cancanci sunanta ba sai idan don wasu take raye. Ekklesiyarsa kuwa ba ta sa sunansa a jerin fursunonin da ake yi wa addu'a ba, wai nasa laifin na siyasa ne.

Yunƙurin kashe Hitler na 20 ga Yuli, 1944, ya ci tura, aka gano takardun masu shirin. Aka mayar da shi kurkukun Gestapo, daga nan Buchenwald. Ranar Lahadi 8 ga Afrilu, 1945, ya yi wa 'yan'uwansa fursunoni sujada a wani ɗakin makaranta. Yana gamawa aka zo aka tafi da shi. Washegari da asuba aka rataye shi a sansanin Flossenbürg, yana da shekara 39, saura mako biyu sojojin Amurka su iso wurin. A cikin watan aka kashe wansa Klaus da mazan yayyensa biyu. Bethge ne ya tattara Ethik ya buga a 1949, wasiƙun kurkuku kuma a 1951. A 1998 aka kafa mutum-mutuminsa a Westminster Abbey a Landan, a jere ɗaya da Janani Luwum, babban bishop na Uganda da aka kashe a zamanin Idi Amin a 1977.

Na shida, abin da ya shafe mu.

A ƙarshen 1942 ya rubuta wa abokansa 'yan shafuka yana waiwayar shekara goma na mulkin Hitler. A ciki ya ce wauta ta fi mugunta haɗari. Mugu ana iya tona shi, ana iya tare shi. Wawan da yake nufi kuwa yana iya zama mai digiri. Mutum ne da ya miƙa hankalinsa ga mai ƙarfi ko ga taro, idan kana magana da shi sai ka ji ba shi ke amsawa ba, taken da aka cusa masa ne ke magana. Ku tuna yadda tarzoma ke farawa a garin nan. Wani ya ce an ce, kafin la'asar kasuwa ta watse, kafin magariba an rufe titi. Yanzu kuma saƙon yana shigowa ta WhatsApp, ga hoton da ba a san shekararsa ko ƙasarsa ba, mutum mai hankali ya tura kafin ya gama karantawa. Wane ne zai tsaya ya ce, wa ya gani da idonsa? Idan fasto da liman ba su yi wannan tambaya a gaban jama'arsu ba, wa zai yi?

Fagge da Sabon Gari ƙaramar hukuma ɗaya ce. Titi ne tsakaninmu, kasuwa ɗaya muke ci. Kowane ɓangare ya iya kukan nasa, kuma kukan gaskiya ne. Abin da muke ƙarancinsa shi ne fasto da zai tsaya ranar Lahadi ya ambaci Musulmin da aka kashe a hanya da sunan gawa tamu ce, da limamin da zai yi haka ranar Juma'a a kan Kirista. Ni ɗan ekklesiya ne, kuma namu ɓangaren nake fara tuhuma.

Ba wai ba a taɓa yi ba. A watan Janairu na 2012, lokacin zanga-zangar tallafin mai, a nan Kano Kiristoci suka yi wa Musulmi kariya suna salla. A watan Yuni na 2018 kuma, a ƙauyen Nghar Yelwa da ke Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara fiye da tamanin, ya ɓoye mutum fiye da ɗari biyu, akasarinsu Kiristoci, a gidansa da masallacinsa, ya fita ya tari masu makamai ya ƙi ba su hanya. A ranar ya cika biyu daga cikin abubuwa ukun da Bonhoeffer ya lissafa a 1933, ya kuma yi su ba tare da ya ɗauki makami ba.

Mai girma shugaba, a nan zan dakata.  Na san batu na biyar zai jawo tambayoyi da gyare-gyare, musamman daga malamai da fastoci, kuma ina maraba da su. Idan shugaba ya yarda, a fara miƙa abin magana ga iyayenmu mata da ke zaune a baya, sannan matasa. Allah ya ba mu zaman lafiya.